Wanki ko algus? Ina neman kalmar da za mu sa a dokar gasar hoto

Jama'a, ku taimaka mini da kalma. Mu 'yan kaɗan masu ɗaukar hoto a nan Zariya muna shirya ƙaramar gasa ta hotunan hawan Sallah, aka ɗora mini rubuta sharuɗɗa da Hausa. Da na iso layin da zai faɗi iyakar taɓa hoto a kwamfuta, sai alƙalami ya tsaya. Kowa "editin" yake cewa. Wanda ya ƙara haske ya yi editin, wanda ya dasa doki a inda babu doki shi ma editin. Yaya alƙalan gasa za su yi hukunci da kalma ɗaya da ta haɗa halas da haram?

Ga abin da ya ta da maganar. Ƙanena ya ɗauki wani mahayi a ƙofar fadar Zazzau, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, bakin rawani ya sha iska, ƙura ta tashi daidai wurin. Sai dai wayar lantarki ta gitta bayan kan mahayin, ga ledar ruwa yashe a ƙasa. Cikin minti biyu ya goge su a Photoshop. Ya ce, "Yaya, ai gyara na yi." Na ce masa, lokacin da ka danna, wayar nan tana wurin.

Nan "gyara" ta faɗi a wurina, don duk mai laifi zai fake da ita. "Tacewa" ta 'yan fim ce, kuma aikin rariya shi ne fitar da abin da ba a so, wato ainihin abin da muke hanawa. Wata ɗaliba a sashen zane na ABU ta kawo "kwaskwarima". Ta yi kusa, amma kwaskwarima ta hoton amarya ce, inda ake share ƙuraje kowa kuma ya san an share.

Kalmar da ta kwanta mini a rai tana bakin dattawanmu tun tuni: wanki. Na taɓa tsayawa a ɗakin duhu na wani Baba mai hoto a Tudun Wada. Yana haska takarda, sai ya sa tafin hannu yana kaɗawa a kan fuskar da ta yi duhu don haske kada ya yi mata yawa, ya bar sararin sama ya ƙara cin wuta. Ya tsoma a ruwan magani, fuska ta fito sannu a hankali. Bai ƙara mutum ba, bai rage mutum ba, ya fito da abin da fim ya riga ya kama. Wannan ne manyan gasanni suka yarda da shi. World Press Photo, da ake yi daga Holan tun 1955, tana barin mutum ya datse gefe, ya daidaita haske da launi ba tare da wuce gona da iri ba, ya goge ɗigon ƙurar cikin kyamara. Ƙari ko ragi kuwa a'a. Suna neman ɗanyen hoto yadda ya fito daga kyamara su gwada, kuma a 2015 sun kori kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe.

Ga haramtaccen kuwa, ni "algus" na zaɓa, kamar mai zuba ruwa a nono ta sayar da sunan kindirmo. A 2006 kafar dillancin labarai ta Reuters ta rabu da wani mai hoto da ya ninka hayaƙi a samaniyar Beirut. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da 'yar'uwarta don su shiga bangon mujallar, har yau ana goranta musu.

Wani malamina ya ja ni a nan. Ya ce algus ƙari ne, cirewa kuwa tauye mudu ce. Na ce Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma a kasuwa mai zame man nono ya sayar da shi a matsayin mai maiƙo ai shi ma algus muke ce wa aikinsa. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya sallami wani don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga hoton yaƙin Siriya. Cirewa kaɗai ya yi. Malam ya yi shiru, bai dai ce ya yarda ba.

Hoton da ƙirƙirarriyar basira ta zana, irin wanda wani Bajamushe ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da shi a 2023 ya kuma ƙi karɓar kyautar, wannan "ƙagagge" ne, ba ya ma shiga.

Ga yadda na rubuta layin: "An yarda da wanki, an hana algus. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe zai kawo ɗanyen hotonsa." Saura mai da hoto mai launi fari da baƙi. Ni na sa shi cikin wanki, biyu daga cikinmu sun ƙi. Ranar Asabar za mu zauna, mai hujja ya kawo kafin nan.