Me zan karanta wa ƙanwata da ta daina addu'a?

Ƴar'uwa daga Sabon Gari: Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Ina neman shawararku game da ƙanwata, wadda da yawanku kuka zo mata gaisuwa lokacin da zazzaɓi ya ɗauke ɗanta a ƙarshen damina. Tun daga ranar ba ta sake zuwa sujada ba, kuma ta faɗa mini a fili cewa bakinta ba ya iya addu'a, domin ta roƙi Allah ran yaron dare da rana amma bai bar mata shi ba. Wane wuri a Littafi Mai Tsarki ya kamata in karanta mata, kuma mene ne ya taimake ku da kanku a irin wannan hali?

Malamar makarantar Lahadi: Allah ya ba ta haƙuri. Ki fara da Zabura 13, ayoyi 6 ne kawai, kuma Dawuda da kansa yana tambayar Allah har yaushe zai manta da shi.

Wani matashi daga ƙungiyar mawaƙa: Yaya, ki karanta mata 2 Sama'ila sura 12, inda Dawuda ya yi azumi domin ɗansa, yaron ya mutu, shi kuwa ya tashi ya yi wanka ya tafi ya yi sujada.

Shugabar zumuntar mata: Ɗana, ban goyi bayan wannan ba. Annabi Natan ya faɗa a wannan surar cewa yaron zai mutu saboda zunubin Dawuda, kuma uwar da take cikin baƙin ciki za ta ji kamar ana nuna ta da yatsa.

Matashin: Mama, aya ta 23 nake nufi, inda ya ce shi zai tafi wurin yaron ko da yake yaron ba zai komo wurinsa ba. Ai akwai sa zuciya a ciki.

Shugabar zumuntar mata: Akwai, amma lokacinsa bai yi ba tukuna.

Wani magidanci daga Garin Malam: Ku yi mini haƙuri, zan ɗan tsawaita, domin abin da Mama ta faɗa ya taɓa mini inda yake ciwo. Lokacin da maiɗakina take kwance da ciwon da ya zama ajalinta, wani baƙon mai wa'azi ya zo gidanmu, ba na ikilisiyarmu ba ne kuma ba zan ambaci sunansa ba. Ya tsaya a kanta da kwalbar mai a hannu, ya ce ciwo ba ya daɗewa a gidan mai bangaskiya, saboda haka ko dai akwai zunubin da ta ɓoye, ko kuwa ni ne ban gaskata sosai ba. Ya karɓi jaka goma, ya kuma ce mu ajiye maganin likita domin shan sa alamar shakka ce. Maganin dai ban bari an daina ba, amma maganarsa ta shiga zuciyarta. Da dare ina jin ta tana lissafa laifuffukanta tun na ƙuruciya, har da wani faɗa da ta yi da kishiyar mahaifiyarta, tana neman wanda ya jawo mata wannan. Mace ce da ta yi shekaru tana share majami'a kowace Asabar ba tare da an sa ta ba.

Wanda ya kwance mata wannan ƙullin fastonmu ne, kuma bai yi dogon wa'azi ba. Ya buɗe Yahaya sura 9, inda almajirai suka ga wani mutum da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko makahon ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Sannan ya karanta 2 Korintiyawa 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ya ce mata idan addu'ar da ba a amsa yadda aka so ba tana nufin rashin bangaskiya, to, Bulus ma ba shi da ita, kuma Yesu da ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, daga ƙarshe ya sha shi. Ta rasu bayan haka, amma ta rasu ba tana tuhumar kanta ba. Shawarata, ƴar'uwa, ki kula da waɗanda suke shiga wurin ƙanwarki fiye da yadda kike kula da abin da za ki karanta.

Malamar makarantar Lahadi: Allah ya ƙara maka haƙuri, ɗan'uwa. Ya kamata dattawa su duba batun masu yawo da mai ɗin nan.

Wani ɗan'uwa daga Mirriya: Kada dai mu kai ga raina addu'ar warkarwa, domin Yakubu sura 5 ta umarci dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai.

Magidancin: Dattawan ikilisiya aka ce, kuma ba a ce su karɓi kuɗi ba.

Wani dattijo daga Zango: Ƴaƴana, ku bar wannan sai zaman majalisa. Ni ina tunawa da ranar 16 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a nan Damagaram. A makonnin da suka biyo baya mutane da yawa ba su iya waƙar murna ba, kuma ba mu tilasta musu ba. Littafin Makoki muka riƙe, wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima, sai da muka bi ta cikin kukan surori biyu kafin mu kai ga sura 3, inda aka ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Abokan Ayuba su uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kamar yadda muke shimfiɗa tabarma a zaman makoki, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka fara bayyana dalilin wahalarsa ne suka kauce, har Allah ya tsawata wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, a Littafin Ayuba sura 42. Ƴata, idan ƙanwarki ba ta iya addu'a, ki yi a madadinta a gabanta, a taƙaice, ki kuma tuna Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Ƴar'uwa daga Sabon Gari: Na gode, Baba. Abin da yake damuna shi ne ko kallon Littafin ba ta son yi, kuma ba ta cin abinci sai an matsa mata.

Matashin: Akwai Zabura da aka karanta da Hausa, zan iya sa mata a waya ta riƙa saurara idan ta ga dama.

Shugabar zumuntar mata: Ka sa, amma a bar mata zaɓi. Mu mata za mu je ranar Alhamis bayan la'asar, ni zan dama kunun tsamiya. Wadda take da hali ta zo, kuma kada mu wuce mu huɗu domin ɗakin ƙarami ne.

Ɗan'uwa daga Mirriya: Mijinta fa, akwai wanda yake zuwa wurinsa? Shi ma ɗa ya rasa, kuma ban ji an ambace shi ba.

Magidancin: Ni zan biya ta rumfarsa a kasuwar Dole gobe da safe.