Taswirar waya da lungunan unguwar Nima ta Accra: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Kawukudi:
Salamu alaikum jama'a. Gwaggona za ta zo daga Kumasi, ta ce in tura mata inda gidanmu yake a waya, direba ya bi. To, mu da ke can cikin lungu, ya kuke yi da baƙinku? Taswira tana kawo su ƙofar gida, ko sai an fita tarba?

Mai kai saƙo da babur:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fita ka tarbe ta a bakin titi. Kullum a kan wannan aikin nake. Manyan hanyoyi irin su Kanda Highway da Nima Highway ba su da matsala, taswira ta san su sarai. Kana barin kwalta ne labari ke canjawa. Waya ta nuna maka saura mita 200, alhali tsakaninka da gidan akwai babbar gota, kuma gadar katakon da ake tsallakawa tana can ƙasa. Kafin ka zagaya ka dawo, tafiyar ta ninka. Wani lungun kuma hannun babur ma ba ya shiga, sai in kafe shi wurin mai shayi in ƙarasa da ƙafa da kaya a ka.

Hajiya ta Mamobi:
Ni dai ɗana, har gobe da kwatance nake aiki. Ka sauka a asibitin Mamobi, ka bi gefen masallaci, ka tambayi mai wake da shinkafa. Ba a taɓa ɓata ba. An kafa alluna masu sunayen tituna, amma faɗa wa yaron trotro, motar hayar cikin gari, sunan allon ka ga kallon da zai yi maka.

Malamin makaranta, Kanda:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kwatance yana aiki muddin mai waken ba ta tashi ba. Ɗan Kawukudi, gwada adireshin GhanaPostGPS. Tun 2017 aka fara shi. An yanka ƙasar duka gida-gida, kowane mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowane da lambarsa. Na tsakiyar Accra da GA suke farawa, na Kumasi da AK. Sharaɗinsa shi ne ka tsaya a ƙofar gida daidai lokacin ɗaukar lambar, ba cikin ɗaki ƙarƙashin kwano ba. Lambar za ta nuna inda gidan yake. Hanyar shiga kuwa sai an zana ta tukuna waya ta san da ita.

Mai kai saƙo da babur:
Shi ke nan fa, Malam. Ɗigon yana nan daram, hanyar ce babu.

Ɗalibar safiyo:
Zanawa kuma mutane ne ke yi, yayana. A OpenStreetMap kowa na iya buɗe asusu ya ƙara lungu, gota, famfo, bayan gida na haya. Mun taɓa fita da abokan karatu muka bi wani yanki da ƙafa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hoton tauraron ɗan'adam: rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, daga sama sai ka rantse gida ɗaya ne ƙato, alhali lunguna ne a ƙarƙashi, har da mai tuya da 'yan makarantar allo. Wata tsohuwa ce ta riƙa nuna mana inda ruwa ke tsayawa a bango da damina, tabon yana nan ya kai min ƙugu. Wannan babu shi a kowane hoto.

Alhaji na Alajo:
'Yata, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni nisan da na damu da shi shi ne tsakanin gida da ruwa. Ƙoramar Odaw tana bi ta Achimota, ta wuce mu a Alajo, ta bi Avenor da Circle da Agbogbloshie ta zuba a tafkin Korle. Gotar Nima ma cikinta take ƙarewa. A waya siririn layi shuɗi ne, ka auna ka ce ai da nisa. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci mutane kimanin 150 a Circle, ba ya auna ruwa da rani. Wani ɗan'uwana ya so kama haya saboda dillali ya nuna masa tazarar a waya. Na ce mu je da ƙafa. Gidan a kwari yake, dakalin maƙwabta duk an ɗaga su da bulo. Bai biya ba.

Ɗan Kawukudi:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Filayen wasa fa? Ina so in kai jikokinta su sha iska.

Malamin makaranta, Kanda:
Amin. Kore a taswira ba lallai ciyawa ba ce, wani wurin ƙura ce da tsakuwa. Filin wasan yara na Efua Sutherland yana kusa da National Theatre, amma tambayi wanda ya je kwanan nan ko a buɗe yake kafin ka kwashi yara.

Hajiya ta Mamobi:
Ka ce wa gwaggon taka ta kira in motarsu ta iso Achimota, ka sami lokacin fitowa. Kuma ka tafi da yaro mai ɗaukar kaya, mutanen Kumasi ba sa zuwa hannu rabbana.