Ta yaya zan tabbatar zanen nan na Ben Enwonwu ne?

Assalamu alaikum, masana zane, ku taimaka mini. An sa wani ƙaramin zanen fentin ruwa a gwanjo, kogi ne da itatuwa, ɗauke da sa hannun Ben Enwonwu, ɗan Onica da ya rasu a 1994. Ni da mutum-mutumi na san shi, kamar Anyanwu da na Sarauniyar Ingila, shi ya sa nake ɗari-ɗari.

Masu gwanjon ba su faɗi hannun da ya fito ba. Na roƙi hoton bayan takardar, har yau shiru. Ga kuma ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a gefenta, kamar danshi ya taɓa ta. Wa ke tantance aikinsa? Kuma tabon nan yana gyaruwa ba tare da launin ya koɗe ba? Raina ya biya sosai, ga ranar gwanjo ta matso.