Neman kalma: me za mu kira jerin nan da ake yi wa jami'o'i duk shekara?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Ku taimaka, lokaci ya ƙure mini. Gobe da ƙarfe bakwai na safe za mu naɗi shirin ilimi, rahoton kuwa kan jerin nan ne da ake fitarwa a ce jami'a kaza ce ta ɗaya a duniya, kaza ta ɗari biyu. Bature ya ce ranking. Kalmar ta fito fiye da sau ashirin, nan suna, can aikatau. Na rubuta "jerin daraja" amma bai kwanta mini ba. Iri uku ne a rahoton, na Shanghai, na mujallar Times Higher Education da na kamfanin QS, ina son abu ɗaya gajere da zai ɗauke su duka, ya kuma shiga kanun labari.

Ɗan Ƙwallo: Wa'alaikumus salam, Anti. Tebur, shi ke nan. Wane mai sauraro ne bai san teburin Firimiya ba? Su kansu mutanen Ingila daga ƙwallo suka aro sunan da suke kiran jerin makarantunsu.

Malamar Lissafi: A'a ƙanena, tebur zai ruɗi mutane. A ƙwallo ƙungiyoyi suna karawa da juna, nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, kowa ya yarda da ƙa'idar tun kafin a take leda. Jami'o'i ba sa karawa. Kowane mai jeri shi ke yanka makinsa yadda ya ga dama. Harvard ce ta ɗaya a jerin Shanghai tun da aka fara shi a 2003, Oxford ta yi shekaru a saman na Times Higher Education, jami'ar MIT ta Amurka kuma a saman na QS. Ka taɓa ganin kaka ɗaya da zakaru uku?

Tsohon Hedimasta: Jadawali fa?

Mai Fassara: Baba, na yi tunaninsa. Amma shirin ilimi ne, da na ce "jadawalin jami'o'i ya fito" iyaye za su ɗauka ranakun jarrabawa ko na komawa karatu ake nufi.

Edita: Jerin gwanaye. Yana da daɗin faɗa, ya dace da kanu.

Ɗan Ƙwallo: Oga, a rediyo "jerin gwanon jami'o'i" za a ji, a zaci malamai sun fito zanga-zanga.

Malamar Lissafi: Kuma goman farko ne gwanaye. Wadda ta zo ta dubu da ɗoriya fa, ita ma a cikin jerin take. Gwanar mece ce?

Ɗan Nahawu: Ku yi haƙuri, na daɗe ina kallo. Tebur na Bature ne, jadawali da daraja na Balarabe ne, kamar harshenmu ba ya haihuwa. Kalmar tana nan: SAHUNTAWA. Daga sahu. Yadda muka samu kusanta daga kusa, nisanta daga nisa, tsananta daga tsanani, haka za mu ce sahunta. An sahunta jami'o'i. Mai sahuntawa. Sahuntattun makarantu. Suna da aikatau duka sun fito daga saiwa ɗaya, abin da 'yar uwa take nema ke nan. Shekara uku ina amfani da ita a aji, ɗalibaina ba su taɓa ƙorafi ba.

Edita: Ɗalibin da makinsa ke hannunka ina zai yi ƙorafi, Malam?

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ya yi kyau. Sai dai na faɗe ta da ƙarfi sau uku yanzu, wadda ke kusa da ni ta ce "an sabunta jami'o'i? Da wane kuɗi?" Kuma "sahunta" a rubuce kamar sahun wata mace.

Ɗan Nahawu: Karin sauti ya bambanta su. Laifin mai karantawa ne, ba na kalma ba.

Tsohon Hedimasta: Malam, ba don in kunyata ka ba, amma sahu ɗin nan da ka riƙe a matsayin ɗan gida, daga Larabci ya zo, saffu. Haka jami'a, haka ilimi, haka darasi da alƙalami. In za mu kori baƙi yau, shirin yarinyar nan ko suna ba zai samu ba. Sannan ka duba ma'anar. Mutanen da ke sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa suke, babu na ɗaya babu na biyu. Abin da ake nema kuwa layi ne na wani a bayan wani.

Malamar Lissafi: Baba ya taɓo wani abu, amma ni sai na ga sahu yana da gurbi a nan. Masu jerin Shanghai ɗari na farko kawai suke ba lamba ɗai-ɗai, daga nan sai su ce 101 zuwa 150, 151 zuwa 200. Times Higher Education ma bayan ta 200 rukuni take yi, 201 zuwa 250, a haka har ƙasa. Dalili shi ne tazarar maki a can ƙasa ƙarama ce ƙwarai, ba ta isa a ce wannan ta fi waccan ba. To wannan rukunin shi ne sahu na gaskiya. "Tana sahun 201 zuwa 250." Malam, ga sahunka ya samu aiki.

Ɗan Nahawu: Ban zo neman sadaka ba, Hajiya. Sahuntawa na kawo, ba guntunta ba.

Sabon Ɗalibi: Ni dai a ganina a bar shi rankin. Mun karɓi kwamfuta da intanet, me ya rage? Duk abokaina rankin suke cewa.

Edita: Rankin ya daɗe.

Tsohon Hedimasta: Ka ji ko, yaro? Bahaushe zai ji "ranki" da ɗafin -n. Rankin jami'a, wato ran wa? In ka so nuna shi sai ka ce "rankin ɗin", ka ga an shiga wahala. Kwamfuta ta zo ne da abin da ba mu da shi. Jera yara na ɗaya zuwa na ƙarshe kuwa mun yi shi shekara da shekaru a katin sakamako, ba mu taɓa rasa bakin faɗarsa ba. Wane ya zo na uku cikin arba'in. Wance ce kurar baya.

Mai Fassara: To in koma kan "jerin daraja" ke nan?

Malamar Lissafi: Kada ki koma, don Allah. Wannan ce ma ta fi damuna a cikinsu duka, domin tana yanke hukuncin da masu jerin kansu ba su auna ba. Ki duba abin da na Shanghai ke ƙirgawa. Kashi 10 cikin ɗari na tsofaffin ɗalibai ne da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi. Kashi 20 na malaman da suka ci irin waɗannan kyaututtuka. Kashi 20 na masu binciken da aka fi ambaton aikinsu. Kashi 20 na maƙalun da suka fito a mujallu biyu kacal, Nature da Science. Wani kashi 20 na yawan maƙalu a manyan kundayen bincike, ragowar 10 kuma a raba duk wannan da yawan malamai. Ina koyarwa a ciki? Babu. Jami'ar da ta ƙware wajen fitar da malaman makaranta ko lauyoyi na kirki ba ta da inda za ta ci maki. Shin ba ta da daraja ke nan?

QS kuma tambayar malaman jami'a take yi wace jami'a suke ganin ta fi, wannan ra'ayin ya daɗe yana ɗaukar kashi 40. A jerin da ta fitar a 2023 ta rage shi zuwa 30, ta ƙara sababbin ma'aunai. Jami'o'i suka hau suka sauka ba tare da sun ƙara ko kujera ɗaya ba. Ma'aunin ne ya motsa.

Ɗan Ƙwallo: Wato a faɗaɗa raga ana tsakiyar wasa.

Malamar Lissafi: Kusan haka. Ga kuma na Columbia a Amurka. A 2022 wani farfesan lissafi na jami'ar, Michael Thaddeus, ya binciki alƙaluman da take aika wa mujallar U.S. News, ya nuna wasu ba su dace da gaskiya ba. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure. Daga ta biyu a jerin mujallar ta koma ta 18. Ɗakunan karatun su ne, malaman su ne. In kika ce darajarta ta faɗi hawa goma sha shida, kin faɗi abin da bai faru ba. Wurin zamanta a layi ne ya canja. A shekarar ce makarantun koyon shari'a na Yale da Harvard suka daina ba mujallar bayanansu, a 2023 kuma Jami'ar Utrecht ta Holan ta ƙi shiga na Times Higher Education. Sunanta ya ɓace daga jerin, darajarta tana nan. Ni "matsayi" nake so. Jerin matsayi.

Ɗan Nahawu: Duk wannan dogon lissafi don a ƙare a kalmar da kowane ɗan jarida ke tauna safe da yamma. Ku 'yan rediyo ku ne kuka talauta harshen nan. Komai matsayi, komai mataki, komai al'amari.

Edita: Mu talakawa ke saurare, Malam. Kalmomi nawa kuka ƙirƙira a tarurrukanku suka mutu a cikin kabad? Mu in muka faɗi kalma da safe, da yamma ka ji ta a bakin mutane.

Ɗan Nahawu: Shi ya sa kuskurenku ke yaɗuwa kamar wutar daji. Ka taɓa zama ajin nazarin ginin kalma ko na wata ɗaya?

Edita: Ban taɓa ba. Jami'ar da ka zauna nata ajin, ta nawa aka sahunta ta bana?

Ɗan Nahawu: Ka dai yi amfani da kalmar, kuma kowa ya gane.

Sabon Ɗalibi: Wallahi Malam ya ci wannan.

Tsohon Hedimasta: Haba jama'a, ku dubi girman Allah. Yarinya tana da aiki da asuba kun tsaya auna digiri. 'Yata, ki ɗauki na Hajiya. Amma in rahotonki ya taɓa makarantun sakandare, ki kula da wani abu da ya ci mini tuwo a ƙwarya shekaru. Makarantar da ke tace yara a ƙofa, ta ɗauki masu ƙoƙari kawai, dole ta zo sama a sakamakon jarrabawa. Wadda ta karɓi kowa, ta ɗaga yaron da bai iya haɗa baƙi ba har ya ci rabin darussansa, ita ce a ƙasa, alhali ta fi yin aiki. Ingila ta fara wallafa sakamakon makarantu a 1992, aka yi ta wannan kukan, sai a 2016 suka kawo ma'aunin da suke kira Progress 8, wanda ke duba inda yaro yake lokacin da ya gama firamare da inda ya kai a shekara 16. Wannan ba jerin sakamako ba ne, jerin wani abu ne daban, ban san me za mu kira shi ba.

Mai Fassara: Baba, yana cikin sakin layi na shida, shi nake shirin tambaya. Akwai kuma PISA, jarrabawar da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ke yi wa 'yan shekara 15 tun 2000, amma ita ƙasashe take jerawa, don haka "jerin matsayin ƙasashe" zai yi. Na Progress 8 na rubuta "ma'aunin ci gaban ɗalibi".

Malamar Lissafi: Ci gaban ɗalibi zai sa a zaci yaron ake aunawa, alhali makarantar ake nufi. "Gudummawar makaranta" ya fi kusa.

Ɗan Ƙwallo: Gudummawa kuma sai a ce kuɗi aka tara.

Ɗan Nahawu: Ina da kalma a kan wannan ma, amma tunda ba a so, na riƙe abina.

Mai Fassara: Sha biyu ta wuce, bari in tattara. Suna: jerin matsayi, kuma duk inda ya fito zan faɗi na wane ne, na Shanghai ko na QS. Aikatau: jera, ko in ce ta zo ta kaza, ta hau, ta sauko. Rukunin ƙasa: sahu, da godiya ga Malam. Abubuwan da ake ƙirgawa: ma'aunai. Na sakin layi na shida zan warware shi da jimla guda, tunda kalma ta gagara. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗan Nahawu: Amin. Amma a rubuta cewa na faɗa: matsayi yana nufin ra'ayi ma. "Matsayin jami'o'i" zai iya zama matsayinsu kan yajin aiki. Jeri ne kawai ya cece ku, ranar da wani edita ya yanke shi don kanu ya gajarta za ku neme ni.

Edita: Kanun ya riga ya yi tsawo da kalma biyu. Ki turo mini in gani.