Rufe iyaka da janyewar ruwa: wanne ya fi karya mai albasa?

Ɗan Fadama, Wurno

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, ina so waɗanda suka yi karatun abin da waɗanda ke cikin kasuwa su duba mini ita tsakani da Allah.

Noman albasa muka gada a fadamar Wurno. Mukan zuba iri da ƙarshen damina, mu yi dashe idan sanyi ya shigo, mu cire wajen watan Maris. Wadda za ta tafi kasuwar Ramin Kura a Sakkwato ta tafi, sauran mu jera ta a rudu, wato ma'ajiyar albasa, mu jira ta yi daraja. Ƙanena yana Illela, tsakanin can da Ƙonni ta Nijar yake neman abincinsa: ya kai kayan masarufi, ya dawo da wake da irin albasar Galmi, wani lokaci har da 'yan awaki. Da abin da nake samu da abin da yake samu ake riƙe gidanmu.

Muna yara da jigo mahaifinmu yake ban ruwa, rijiyar kuwa kana leƙawa kana ganin fuskarka. Yanzu sai an haƙa burtsatse, kuma ko ita, da zarar zafi ya fara za ka ji muryar inji ta canza, yana kaki yana jan iska, dole ka kashe ka zauna jiran ruwa ya taru. Ajiya ma ta zama fargaba. Ka duba ta saman rudu ka ganta jawur lafiya lau, ka zura hannu ƙasa ka ji ta yi laushi, wuyanta ya jiƙe, wari ya biyo hannunka. Madatsar Goronyo da muke taƙama da ita, a 2010 ruwanta ya cinye garuruwa da gonaki, a 2018 kuma ta janye har ana cewa abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin fetur ɗin inji kaɗai yana cinye abin da a da nake biyan 'yan ƙwadago da shi.

Wannan duk ina iya cewa daga Allah ne, ko kuma tsada ce da ta shafi kowa. Abin da ya fi ci mini rai iyaka ce. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Muna fara farfaɗowa aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake garƙame ta har zuwa Maris na 2024. A wannan karo na biyu kayan ƙanena sun kwana a mota a bakin iyaka har suka lalace, jarin da ya tara shekara da shekaru ya tafi. Irin Galmi da muka saba da shi ya yi wuya, na sayi wani a hannun wanda ban sani ba, ya fito ganye shar amma ya ƙi yin kai.

To ku gaya mini: tsakanin sauyin yanayi da hukuncin mahukunta, wanne ne babbar matsalarmu? Ba don muhawara nake tambaya ba. Ina tunanin cin bashi in sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma ina tsoron in zuba kuɗi a gona sannan wata sanarwa ta fito ta rediyo ta rushe lissafin.

Na Dundaye

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fadama. Allah ya mayar wa ƙanenka da alheri. Ina koyar da tattalin arziki, kuma ambaliyar 2010 ina cikin waɗanda ta raba da wurin aiki lokacin da ta karya gadar hanyar jami'a, don haka ba daga littafi kawai zan yi magana ba.

A ganina kalmarka ta ƙarshe ita ce amsar: sanarwar da ke fitowa bayan ka riga ka yi dashe. Ruwa yana janyewa ne a hankali, shekara bayan shekara, mutum yana gani yana sake dabara. Manufar ciniki kuwa a ƙasar nan dare ɗaya take juyawa. Dubi shinkafa. A 2015 Babban Banki ya hana ba masu shigo da kaya 41 dala a farashin gwamnati, shinkafa na ciki. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, aka ce kowa ya koma gona. A 2019 aka rufe iyakoki saboda shinkafar Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano ana satar shigowa da ita. A Oktoban 2023 aka janye wancan hani na dala, a Yulin 2024 kuma aka sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa. Amma manomi ko mai injin casa da ya ci bashi bisa dokar jiya, wa zai biya masa idan ta yau ta saɓa?

Wani abin da ke damuna: a Yamai Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, a Yulin 2019. Wata guda bayan haka muka rufe Illela. Albasarka ba ta yi wa kowa laifi ba, shinkafar Kwatano ake nema, amma ƙofa ɗaya suke bi.

Game da yanayi, akwai zalunci a ciki wanda ya kamata mu riƙa faɗa. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma yankinmu na Sahel yana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, suka makara wajen cikawa, kuma da yawan abin da suka bayar rance ne. Su kuma manomansu suna da gata: kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar Turai tallafin noma ne. Idan fari ya sami manomin Faransa akwai inshora da gwamnati a bayansa. Kai idan ya same ka, sai dai ka sayar da akuya.

Tsohon Kwalkwalawa

Allah shi gafarta Malam, ban yarda da kai duka ba. Ku masu albasa da masu albashi kun ji zafin rufe iyaka, mu masu shinkafa lokacin nan ne muka san noma sana'a ce. Kafin nan sai ka kai shanshera kasuwa ka yini ba wanda ya taya, kowa na bin 'yar waje mai santsi. Da aka rufe, har gona masu injinan casa ke aiko yaransu da kuɗi a hannu. Ɗakin da nake kwana ciki yanzu da kuɗin shinkafar wancan lokaci na yi mishi kwano, kuma da shi na aurar da ɗiyata. In an bar ƙofa a buɗe, yaya zan yi gasa da manomin da gwamnatinsa ke ba shi taki da lantarki da araha?

Abin da ya karya ni ruwa ne. Damanar 2020 shinkafa ta yi kyau, ta fid da kai, saura kaɗan a sa lauje, gulbin Rima ya cika ya haye. Da kwalekwale na shiga gonata, ina miƙa hannu cikin ruwa ina taɓa kan shinkafa. Mutanen Argungu da Birnin Kebbi sun fi mu shan wuya a shekarar. Bashi kuwa bai san ambaliya ba. Ga gulbin ya cike da yashi, da ruwa ya ɗan yi yawa sai ya fantsama, da rani kuma ka taka shi da ƙafa. Wanga abu ba ya jiran sanarwar kowa.

Inda na yarda da kai shi ne abin da ya biyo bayan buɗe ƙofa a 2024. Hatsi ya faɗi, mai saye ya ji daɗi, ban hana shi ba, ni ma ina sayen gero. Amma taki bai faɗi ba, maganin feshi bai faɗi ba. Ana yin takin yuriya a Legas ana loda shi jirgi zuwa Barazil, mu nan muna auna shi da kwano. Kuma tun muna samari ake faɗin akwai dutsen taki a ƙasar Dange da Shuni, har yau daga Maroko ake kawo sinadarin. Da yawa cikin maƙwabtana sun rage gona bana.

Hajiya Mai Wake, Tsohuwar Kasuwa

Sannunku da ƙoƙari. Baba na Kwalkwalawa, Allah ya mayar da abin da ruwa ya ci. Ni dai ban ga yadda za a raba abubuwan nan biyu ba, don a buhun wake ɗaya nake ganinsu tare.

Zafi idan ya tsananta ƙwari sun fi saurin cin wake. Ka ɗinke buhu lafiya, bayan 'yan makonni ka buɗe ka ga gari a ƙasa, kowace ƙwaya da huda. Saboda tsoron haka mutane suka koma zuba fiya-fiya. To wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya tun 2015, don abin da suka auna ya wuce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. Mutane na cewa ƙiyayya ce. Ni ban ɗauke shi ƙiyayya ba, domin waken da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu alala da ƙosai. Na koma buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Ya fi tsada, amma ina sayarwa hankalina kwance.

Sannan kada mu ɗora wa Abuja komai. Ita ma Nijar tana rufe nata ɓangaren. A Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi, har da wake da gero, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Kafin babbar sallar 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi, duk wanda ya je karar Illela neman rago ya gani da idonsa. Su ma tsoron yunwa da tsada ne, damina ba ta da tabbas a wurinsu fiye da mu. Kowace gwamnati idan ta tsorata sai ta rufe ƙofa, alhali mutanen Ƙonni da na Illela dangin juna ne, kakata ma 'yar can ce.

Abu ɗaya da ba ku ambata ba, mu mata muka fi saninsa: itace. Da gas da kananzir suka yi tsada kowa ya koma gawayi. Ku dubi motocin da ke shigowa gari da shi kullum. Ana ta maganar dashen itatuwa don tare hamada, Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin, amma abin da ake sarewa don a dafa tuwo ya fi abin da nake gani ana dasawa.

Ɗan Fadama, Wurno

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, domin ban taɓa tsayawa na dubi rufewar 2019 ta idon mai shinkafa ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa da za a ce mana ga dokar da za ta yi shekara biyar ba a taɓa ta ba, buɗewa ce ko rufewa, da mun san abin da za mu shuka. Hajiya, ƙanena ya faɗa mini zancen hana fitar da wake, shi ya sa ya koma ɗaukar kaya a babur ta cikin daji, abin da ke hana mahaifiyarmu barci ke nan saboda halin tsaron yankin.

Malam Na Dundaye, ba ka ce komai ba kan injin hasken rana. In saya ko in haƙura?

Na Dundaye

Ka saya idan bashin ba mai ruwa ba ne kuma za a jira ka har ka sayar da ta rudu, ba ranar cirewa ba, lokacin da albasa ba ta da daraja. Rana dai ba ta biyo ta iyaka, kuma ba a cire mata tallafi. Sai dai ka kula da abu biyu. Farantan da injin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, don haka ka tambayi wurare da yawa kuma ka tabbatar akwai mai gyara kusa da kai. Na biyu ya fi muhimmanci: mai fetur yana kashe inji don tsoron kuɗi, mai hasken rana ba abin da ke tsayar da shi, sai ya bar ruwa na zuba tun hantsi har la'asar. Idan duk fadamar ta yi haka, burtsatsen da ke jan iska a Maris zai fara ja tun Fabrairu. Ku zauna da maƙwabtan gonarka da sarkin noma ku tsayar da lokutan ban ruwa kafin injinan su yi yawa. Kuma kafin ka biya, ka sa a auna zurfin ruwan rijiyarka a cikin bazara, da shi za a san girman injin da zai iya ja.