Sakkwato zuwa Maiduguri a jirgi: wa ya taɓa yi?

Ɗan Rima: Assalamu alaikum. Ina da ɗaurin aure a Maiduguri wata mai kamawa, daga Sakkwato zan tashi. Na duba taswira, tsakaninmu a miƙe kilomita 870 ne ko kusa da haka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma duk tikitin da na nema sai ya bi da ni ta Abuja. Waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka ƙare?

Hajiyar Bolori: Wa alaikumus salam. Ɗana, manta da taswirar nan. Ni ban taɓa samun wanda zai miƙe kai tsaye ba. Ka tashi daga filin Sultan Abubakar III, ka gangara Abuja, kusan kilomita 490, sannan ka sake hawowa arewa maso gabas wajen 710. Ka ga an doshi 1,200 ke nan, kuma tikiti biyu za ka yanka. Zaman jira shi ne abin. Ranar da na je, namu ya sauka da azahar, na Maiduguri kuwa tun hantsi ya tashi. Sai gidan ƙanwata a Kubwa na kwana, ga kuɗin tasi zuwa da dawowa.

Malam Na Gagi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari a kai, in kamfanonin biyu daban ne, sai ka ɗauko jakarka ka sake bin layin awo. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinka sun bi ruwa.

Direban Kwanar Dawaki: Ku dai masu jirgi kuna sha'ani. A mota kilomita 1,100 da ɗoriya ne: Gusau, Funtuwa, Kano, Azare, Potiskum, Damaturu. Wato ta ƙasa ma ta fi ta Abuja gajarta! Sai dai ba mai yi a yini guda. Talata Mafara zuwa Tsafe kowa da addu'a a bakinsa, in kuma yamma ta riske ka a Damaturu, nan za ka kwana, don ba a shiga Maiduguri da dare.

Ɗan Rima: Yallaɓai, hanyar Zamfara ce ta sa nake zancen jirgi tun farko.

Yaya Falmata: Wata mai kamawa ka ce? To ka saka hazo cikin lissafi. A watan Janairu muka zauna a Abuja tun safe, ana ta "ku ƙara haƙuri", ruwan roba ɗaya aka raba mana. Da la'asar aka ce ba a ganin titin sauka a Maiduguri, kowa ya kama gabansa. Wani dattijo da ke kusa da ni, goron ɗaurin aure ne a cinyarsa cikin algarara, auren kuma washegari bayan Juma'a. Kada ka sayi tikitin jajibiri, ka ba da tazarar kwana biyu.

Malam Na Gagi: Ni na raba tafiyar: jirgi zuwa Abuja, na kwana, na kama na sassafe. Na safe ya fi cika alkawari. Kuma ka kula da lokacin salla in ka isa, magaribarsu ta riga tamu da kusan rabin awa. Da azumi na je, ina ta kallon agogo irin na Sakkwato, sai ga ladan.

Ɗan Rima: Na gode, Allah ya saka. Laraba zan tashi ke nan. Hajiya, daga filin jirgi zuwa Bulumkutu akwai nisa?

Hajiyar Bolori: Ina fa, maƙwabta ne. Keke Napep ma ya ishe ka.