Sista ta sa ni a gaba, kuma littafina yana hannunta

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana don Allah.

Ɗalibar nas ce ni, aji biyu. Sati uku ke nan da aka tura mu koyon aiki ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Akwai wata babbar sista da ta tsane ni tun ranar farko, ko sunana ba ta taɓa kira ba, sai "ke ɗaliba". Za ta aike ni bakin get sayen ƙosai daidai lokacin zagayen likitoci, in na dawo ta ce ban san komai ba. Ran Talata ina wanke wa wata baiwar Allah ɗinki, ta fizge hantsakin daga hannuna ta ce, "Irinku ne ke kashe mutane." Sai da mai jinya ta ce, "Haba Sista, ki bi ta a hankali mana."

Jiya a dutin dare tana ta yi mini tsawa in yi sauri, garin mayar da murfin allura ta soke ni a yatsa. Na wanke na ja bakina. Ita ke sa mana hannu a littafin ayyuka, kun san kuma sai an cike shi kafin jarrabawar Kansil, wato hukumar da ke ba nas lasisi. In kai ƙara ko in daure?

Anti Nas: Ƙanwata, ajiye zancen sista tukuna. Allurar nan an yi wa majinyaciya amfani da ita? In eh, tashi yanzu ki sami shugabar ɗakin, a rubuta, a gwada jininki da na matar. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, gwamma ma a awannin farko, kwana 28 ake sha. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya fi HIV saurin shiga ta allura. Kin yi rigakafinsa, duka ukun? Kuma ki daina mayar da murfi, kwalin allurai ake jefa ta kai tsaye.

Maman Sadiƙ: Allah ya tsare gaba. Batun sista dai haƙuri za ki yi, mu ma mun sha. Nas biyu su kwana da ɗaki cike, dole rai ya ɓaci. Ki riƙa gaishe ta har ƙasa, saura kwana nawa ne?

Ɗan Baiwa: Hajiya, da girmanki, "mu ma mun sha" ɗin nan ne ya hana abin ƙarewa. Yarinya ta soki kanta ta ɓoye don tsoro, gobe kuskuren magani za ta ɓoye, wa zai kwana a ciki? Gajiya ce ta sa ake aiken ta ƙosai lokacin zagaye?

'Yar uwa, kada ki yi cacar baki da ita a gaban majinyata, ke za a ba rashin gaskiya. Sami takarda ki riƙa rubuta rana, lokaci, abin da ta faɗa da wanda ke wurin. Ki kai wa malamar da makaranta ta ɗora a kanku a asibiti, kada ki tsallake ta zuwa shugaban makaranta. In 'yan ajinku biyu za su raka ki, ya fi. Littafi kuma, a inda na yi karatu duk nas mai lasisi da ta tsaya a kanki kika yi aikin tana iya sa hannu. Ki tambaya.

Maman Sadiƙ: Ni dai tsorona kada a sa mata ido har ta gama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, na je, an ɗebi jini, an ba ni maganin na fara sha kafin sakamako ya fito. Rigakafin hanta ɗaya tak na taɓa yi, sai da matiron, wato shugabar nas-nas, ta yi mini faɗa. Ta tambaye ni me ya hana ni faɗa tun daren, na kasa magana, sai hawaye. Ta ce in same ta ofis gobe ƙarfe 10, in taho da littafina.